Buhun shinkafa ba ya hana ruwa zuba

'Yan uwa, tunda dattawan jam'iyya sun yi gum, bari mu matasa mu faɗa.

A 2015 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta rushe gidajen da ta ce sun shiga filin Kwalejin Alhudahuda. A Oktoban 2021 hukumar KASUPDA ta sake kai katafila Graceland, kusa da Kwalejin Koyon Tukin Jirgin Sama, gidaje sama da 100 suka kwanta. Mu ɗauka ma filin na gwamnati ne. To yaran da ke kwana a ɗakunan nan, su ne suka sayi fili? Ina suka koma? A wace makaranta suke yau?

Ga kuma damina. Duk Agusta katangun ƙasa na zubewa a Kwarbai, Kaura da Limancin Kona. Bazazzagi ba ya kwana a titi, shi ya sa masu mulki ke cewa babu matsala. Maigida na zauren wansa, uwargida ta koma gidan iyayenta, an raba yara gida uku, babbar 'yar ta ɗauki farantin talla. Iyali ya watse, amma a takarda kowa na da gida.

Me 'yan wancan ɓangaren namu ke yi? Buhun shinkafa, tabarma, hoto a Facebook, shi ke nan. Haba jama'a!

Ƙasar Finlan tun 2008 ta kama hanya ɗaya: a fara ba mutum ɗakin da zai kulle, sannan a yi maganar sana'a da magani. Marasa muhalli suka ragu ƙwarai. Za ku ce ba mu da kuɗinsu. Gaskiya ne. Amma ƙirga mutane nawa yake ci?

Abu uku muke nema. Na ɗaya, masu unguwanni da masana tsara birane na Jami'ar Ahmadu Bello su ƙirga iyalan da ke raɓe a mazaɓu 13 na Ƙaramar Hukumar Zariya, da sunan kowane yaro. Na biyu, doka a majalisar jiha: babu rusau sai an nuna inda iyali zai koma. Na uku, kuɗin gyaran katanga da rufi su fito kafin ruwan farko, a daina jiran ranar jaje.

Duk ɗan takarar da ke son ƙuri'ar matasan Birni, ya sa hannu kan ukun nan a bainar jama'a. In ya ƙi, wallahi ba ma manna masa fosta ko a Ƙofar Doka.

Allah ya rufa mana asiri.