Ra'ayinmu: Bashin Gambo Sawaba a Wuyan Malamai

Duk macen da ta shiga layi ranar zaɓe a Bagudo, Kaoje ko Illo, akwai bashin Hajiya Gambo Sawaba a wuyanta, ko ta san sunan ko ba ta sani ba.

An haife ta a 1933, ta tashi a Zariya. Maraici ya raba ta da makaranta tun tana firamare, aka yi mata aure tana shekara 13. Da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, ta shiga tun tana matashiya, har ta jagoranci ɓangaren mata. Ta je Abeokuta takanas don ganawa da Funmilayo Ransome-Kuti, ta dawo tana kiran a bai wa matan Arewa 'yancin zaɓe, a ilimantar da 'ya'ya mata, a daina yi musu auren wuri. A kan haka ta sha duka da tozarci, aka ɗaure ta har sau 16, amma ba ta janye ba.

Mu mazauna bakin iyaka mun fi kowa sanin nauyin wannan jinkiri. A Dahome, wato Jamhuriyar Benin ta yau, mata sun sami cikakken 'yancin zaɓe tun 1956, ƙarƙashin mulkin Faransa. Iyayenmu mata na Lolo, da suke cin kasuwa ɗaya da matan Madekali, sai a 1976 aka ba su wannan dama. Shekara 20 ke nan tsakanin maƙwabtan da Kogin Kwara ɗaya yake shayarwa.

Hajiya Gambo ta rasu a 2001, kuma akwai asibiti mai sunanta a Zariya. Sai dai rabin aikinta yana nan bai ƙare ba, kuma a ajinmu yake. Kowane malami ya san yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari a aji huɗu, kafin aji shida an neme ta an rasa: talla ta ɗauke ta, ko aikin shinkafa, ko aure. Wadda ba ta iya karanta takardar zaɓe ba, wani ne zai zaɓa mata.

Don haka muna kira ga 'yan uwa malamai: idan kujerar yarinya ta kwana uku babu kowa, a taka har gida, a zauna da iyaye cikin mutunci. Ga iyaye kuma, ƙaramar sakandare haƙƙin 'yarku ce. Mu ma a reshenmu na NUT mu dubi kanmu: malamai mata nawa ne suke zama a kwamitin zartarwa? Zaɓen reshe mai zuwa, su fito takara, mu kuma mu mara musu baya.

Allah ya jiƙan Hajiya Gambo, ya ba mu ikon sauke wannan nauyi.