Don Allah a bar yaran nan su yi wasa

Jama'a, wai me muke nema da yaran nan ne? An ba da hutu, amma ƙarfe bakwai na safe a cikin garin Danja sai ka ga ɗan shekara huɗu goye da jakar da ta kusa rinjayarsa, wai lesin zai tafi. Da la'asar Islamiyya. Da dare a miƙa masa waya don ya yi shiru. To yaushe zai yi wasa?

Mu da muka tashi da langa da carafke da wasan ɓuya, a dandali muka koyi ƙirga, muka koyi jiran namu, muka koyi a kayar da kai ka miƙe. Yarinyar da ke tuwon ƙasa tana hira da 'yar tsanarta, magana take koyo. Ko Majalisar Ɗinkin Duniya a 2024 ta ware 11 ga Yuni ranar wasan yara.

Wani zai ce rashin tsaro ne. Na yarda. Amma tsakar gida fa, ita ma an hana?

Sannan yaron da ya kai shekara uku bai haɗa kalmomi ba, a daina cewa iskoki ne ko taurin kai. A kai shi asibiti a duba kunnensa, Shika ba nisa. Bulala ba ta buɗe baki.

Masu makarantu, ku ji tsoron Allah. Iyaye, hutun nan na yara ne.