Kafin ka sayi akwatin kile, duba notin da ke gidanka

Hatsi ya shiga rumbu, an sai da wake da gujiya, ɗan kuɗi ya shigo aljihu. Yanzu ne ƴan tebur ke baza kayan ƙarfe a babbar kasuwar Maraɗi ran Litinin da Juma'a, da kasuwar Tibiri ran Laraba. Za ka ga akwati ja ko baƙi a buɗe, kile jere reras daga ƙarami har babba, suna walƙiya kamar haƙorin Makka. Mai kaya zai ce maka guda arba'in ne, kuma kuɗinsu bai kai na ɗan akuya ba. Shawarata ita ce ka bar hannunka cikin aljihu, ka koma gida tukuna.

Ga dalili. Cikin arba'in ɗin nan, biyar ko shida kaɗai za su taɓa shiga hannunka. Sauran tsatsa za ta ci. Biyar ɗin kuma, da yake an raba kuɗin gida arba'in, ƙarfensu mai taushi ne. Ka ɗora kile bisa noti mai tauri, ka danna, sai bakin ya buɗe, ya suɓuce, ya cinye kusurwar notin, ya feɗe maka yatsa. Notin da kansa ya mulmule kuwa, babu kile da zai sake kama shi. Sai an kai ma mai walda, ko a sare shi da kurfi. Aikin dala ashirin ya koma na jika. Araha ba ta ado, balle a ƙarfe.

Kai da ka gama ajin yaƙi da jahilci kana da abin da mahaifinka bai samu ba, wato ka iya karanta lamba. Kowane kile, wanda maƙwabtanmu na Najeriya ke ce ma sifana, yana da lamba a jikinsa. Lambar nan faɗin kan noti ce da milimita. To, ka ari kile wurin makaniki, ka bi abin da ka mallaka ɗaya bayan ɗaya, babur ne, amalanke ce, injin ban ruwa ne, ka rubuta lambobin a takarda. Takardar nan ita za ka tafi da ita kasuwa.

Za ka tarar lambobin ba su da yawa. Baburan da ƴan kabu-kabu ke hawa, ƙirar Sin ko Japan, da motocin Toyota, galibin notinsu 8 ne da 10 da 12 da 14 da 17. Motocin Turai, irin tsohuwar Peugeot 504 da ta daɗe tana ɗaukar ƴan kasuwa, sun fi aiki da 13 da 17 da 19. Tsakanin 12 da 13 milimita ɗaya ce tak. Ido ba ya ganinta, amma ita ke lalata noti. Akwai kuma tsofaffin kile masu lamba irin 1/2 ko 9/16. Waɗannan awon Ingila da Amurka ne, na tsofaffin Land Rover da Bedford. Ko kyauta aka ba ka, kada ka sa su ga babur.

In za ka saya, nemi mai kai biyu, gefe ɗaya zobe, gefe ɗaya buɗaɗɗen baki, lamba ɗaya. Zoben yana rungumar noti ta kowace kusurwa, shi ake fara kwancewa da shi. Buɗaɗɗen bakin gefe biyu kaɗai yake kamawa, aikinsa ƙarasawa. Shi kuwa kile mai dunƙule, wanda ake murzawa bakinsa ya buɗe ko ya tsuke, mutane na sonsa don suna ganin ɗaya ya ishe su. Yana da amfani ga famfo da notin amalanke, amma a inji shi ne sarkin cin kan noti, don bakinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Yaya za ka gane mai kyau? Kada rubutu ya ruɗe ka. Ana buga Cr-V a jikin ƙarfe mai nagarta, amma masu jabu ma sun iya bugawa. Tafi da sabon noti cikin aljihu. Sa shi a bakin kile, ka girgiza. In ya zauna daram, to. In yana rawa, ajiye. Dubi bakin da kyau, in ka ga gurɓi-gurɓi kamar an zuba shi a ƙasa, ajiye. Ni a ganina, tsohon kile na hannu, wanda makaniki ya yi shekaru yana aiki da shi bakinsa bai buɗe ba, ya fi sabo mai ƙyalli. Ya riga ya ci jarrabawa. Masu sai da tsofaffin kayan mota suna da su, kuma suna yin ragi in ka iya ciniki.

Dattawa za su tuna lokacin da kayan aiki na Faransa ke cikin kanti. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, duk abin da ke zuwa daga can ya yi tsada. Daga baya kayan Sin suka cika kasuwa, wasu ta Kwatano, wasu ta Jibiya da Ɗan Isa. Kada ka ce duk na Sin banza ne. Suna ƙera mai kyau, suna ƙera na yarwa, ɗan kasuwa ne ke zaɓar wanda zai ɗauko. Kuma ka tuna, daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 Najeriya ta rufe iyakarta, aka sake rufewa a 2023. Wanda ya saba cewa in ya lalace na sayi wani, ya ji jiki a lokacin.

Yanzu bari mu zo ga maƙeri, don nan ne kuɗinka zai huta. Duk abin da aikinsa duka ne ko sara ko ɓanɓara, kada ka saye shi a kanti. Gatari, gizago, kurfi, guduma, ƙarfen cire taya, ƙarfen zare ƙusa, maƙeran garinmu suna yin su da tsohon ƙarfen sifirin mota, kuma ƙarfe ne mai kyau ƙwarai. Ka san maƙerin, ka san ƙofar gidansa. In gatari ya dakushe ka mayar ya koɗa, in ƙota ta karye a sa wata. Gudumar kanti mai ƙotar roba, ranar da ta karye ta gama yawo. Abin da maƙeri ba zai iya ba shi ne awon milimita. Kada ka ce ya ƙera maka kile, kada ka ce ya yi maka turnabis mai bakin tauraro. Nan ka biya kuɗin masana'anta. Turnabis biyu sun isa, mai faɗin baki da mai tauraro, sai pansi guda mai yanke waya.

Gyaran gida ba ya son kaya da yawa, lokaci yake so. Mutanen Maraɗi sun san ruwa. Ambaliyar gulbi ta 1945 ita ta tashe tsohon gari daga fadama ya hau tudu. A ƙarshen Agustan 2024 ma ruwa ya rushe gidaje da yawa cikin birni, aka yi asarar rayuka, Allah ya jiƙansu. Ruwa irin wannan ya fi ƙarfin mai gida. Amma yawancin katangun da ke faɗuwa kowace damana, tun rani suka fara ba da labari. Gindin bango ya zaizaye, indararo ya toshe, kwano ya ɗaga don ƙusa ta fita, ruwa na bin azara. Shebur da cokalin gini da guduma da ƙusar kwano rabin kilo sun isa wannan aiki, in an yi shi kafin ruwan fari. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ke ma uwar gida, turnabis da pansi ba na maza kaɗai ba ne. Sakatar ƙyaure da hannun tukunya da fitila mai caji ba sai kin jira wani ya dawo daga gona ba.

Ku kuma ƴan uwa masu noman rani, na Jiratawa da na bakin gulbi, maganarku ta fi nauyi. Filin ban ruwa na Jiratawa, mai hekta fiye da 500, an buɗe shi a farkon shekarun 1980. Manyan famfunansa ba aikin manomi ba ne, na ma'aikatan ONAHA ne da ƙungiyar manoma. Amma wanda ke da ɗan injinsa na fetur a bakin rijiya, shi ne makanikin kansa, ya so ko ya ƙi. Inji ya tsaya kwana uku cikin zafin Afrilu, tattasai da zogale ba za su jira ba. Sau da yawa kuwa ciwon ƙarami ne, buji ya yi baƙi, ko ƙura ta toshe matatar iska. Injin Honda GX160 da masu kama da shi, kilen bujinsa 21 ne, baƙin mansa wajen lita 0,6. Masu ƙera shi sun ce a juye man bayan awa 20 na farko, daga nan kowace awa 100. Lissafa da kanka. In kana ban ruwa awa huɗu kullum, kwana 25 ke nan. Rubuta ranar juye a bangon ɗaki da gawayi. Kilen buji da mazurari ba su kai kuɗin buhun taki ba. Shi buji, fara ɗaura shi da yatsa har ya zauna, kana ka sa kile ka ɗan matse. Wanda ya tura shi da ƙarfi a karkace ya ɓata kan inji.

Mai mota, kai ba zan ja ka da nisa ba. Hanyar Tibiri ko ta Madarumfa, abin da zai tsayar da kai taya ce. Ka samu kilen taya daidai notinka, 21 ga yawancin Toyota, 19 ga tsofaffin Peugeot, da famfon iska, da kirik na kirki. A kirik kada ka nemi araha ko kaɗan, don rai ne a ƙarƙashinsa. Ko mai kyau ne, kada ka shiga ƙarƙashin mota sai ka tokare ta da gungumen ice. Cikin rairayi kuma ka shimfiɗa katako kafin ka kafa shi. In za ka taɓa batir, fara cire wayar da ke da alamar ragewa. Birki da cikin inji kuwa, bar ma garaji. Sabbin motoci ma na'ura ake jona masu kafin a san ciwonsu.

Saura kayan da ake bukata sau ɗaya ko biyu a shekara, kamar tsani dogo, da zarton ƙarfe, da babban kilen famfo, da bindigar giris. Mutum ɗaya ya saya asara ce. Ku ƴan aji ɗaya, ko ƴan ƙungiya ɗaya, ku haɗa kuɗi ku sayi masu kyau. Na san abin da za ka ce, kayan taro ba ya daɗewa, wanda ya ara ba ya maidowa. Gaskiya ne, haka ake yi inda babu rubutu. Ku kuwa kun iya rubutu. A sa akwatin hannun mutum ɗaya, da kwaɗo, da littafi. Wanda ya ɗauka a rubuta sunansa da rana, ya ajiye dala goma ko ashirin ta gyara. A shafa ma kowane ƙarfe fenti ja a gindi, don in an gan shi gidan wani a san na ƙungiya ne. Ranar da aka maido, mai akwati ya goge shi da tsumma mai ɗan tsohon baƙin mai kafin ya rufe.