Gilashin Ido: Kafin Ki Biya Kuɗin Bulu-Kot

Wata ɗaliba 'yar aji shida a Gummi ta aiko mini da tambaya. An auna idonta an ce ba ta hangen nesa, shi ya sa rubutun allo yake yi mata dishi-dishi. Da suka je wurin masu yanka gilashi sai aka jero musu sunaye, da bulu-kot, da mai hana ƙyalli, da mai yin duhu idan an shiga rana, kowanne da nasa kuɗin a kan na gilashin. Gero mahaifinta ya sayar ya haɗa kuɗin. An kuma ce mata in ba ta sa bulu-kot ba, kwamfutar JAMB za ta lalata mata ido.

Ƙanwata, ki kwantar da hankalinki. Abin da masu shago suke kira kotin wani siririn shafe ne da ake yi wa fuskar gilashi. Ba ya ƙara ƙarfin gani, awon da likita ya rubuta shi ke wannan aikin. Kuma a yankinmu ƙura ce ta fi cutar gilashi, ba kwamfuta ba.

Yawancin gilasan ido na yanzu suna kawai suka tara, roba ce. Ta fi gilashin gaske rashin nauyi da wuyar fashewa, amma tana da taushi. Ƙurar hunturu da ta hanyoyinmu na burji kuwa cike take da ƙananan ƙwayoyin yashi, waɗanda suka fi robar nan tauri nesa ba kusa ba. Ɗalibi ya taho a kan babur daga ƙauye, ƙura ta lulluɓe gilashin, ya kama bakin riga ya goge. Ɗaliba ta goge da hijabi. Duk gugar nan kankara ce, kamar an sa yashi ana wanke tukunya. Kafin zangon karatu ya ƙare gilashin ya yi hazo, dishi-dishin da aka gudu ya dawo. Kuma karcewa ba ta gyaruwa, sai dai a yanka sabo. Mutumin Gusau ko Sakkwato zai hau keke ya koma shago. Ɗan Anka ko Bukkuyum sai ya nemi kuɗin mota, ya kuma yi tunanin hanya, kun dai san halin da ake ciki. Saboda haka in kuɗinki na kotin ɗaya ne, ki tabbatar akwai mai taurara fuskar gilashi, wato mai rage karcewa. Ragewa na ce, don babu wanda yake hanawa ɗungurungum, ko me mai shago ya rantse da shi.

Mu koma kan bulu-kot. A shekarar 2023 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta tace binciken likitoci ne, ta tattara gwaje-gwaje 17 da aka yi a kan irin wannan gilashi, ba ta ga shaidar cewa yana rage gajiyar ido ga masu aiki da kwamfuta ba. Shuɗin hasken da waya take fitarwa bai kama ƙafar wanda rana take zubo mana kullum ba. Abin da yake sa ido zafi da yaji shi ne, idan mutum ya ƙura wa waya ido ƙiftawarsa tana raguwa, idon ya bushe, balle a hunturu da iskar kanta busasshiya ce. Maganin kyauta ne: duk minti 20 ki ɗaga kai ki kalli wani abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20, ki yi ta ƙiftawa. Jarrabawar JAMB awa 2 ce, ba za ta makantar da kowa ba.

Mai hana ƙyalli shi yana da amfanin da ake gani. Robar da ba a shafa ba tana mayar da kusan kashi 8 cikin 100 na hasken da ya sauka a kanta, shi ne walƙiyar da take damun mai karatu da fitilar sola da dare. Sai dai yana saurin nuna maiƙo da shatin yatsu, mai arharsa kuma ɓarewa yake yi, sai ka ga gilashi ya yi dabbare-dabbare. In ba mai kyau za a samu ba, gara a bar shi.

Mai yin duhu a rana samari sun fi so, na sani, don yana kama da na gayu. Abu biyu ne ba a cika faɗa musu ba. Zafi yana rage masa duhu, don haka a tsakiyar bazara, lokacin da aka fi buƙatarsa, ba ya yin baƙi kamar yadda ya yi da sanyin safiya. Sannan idan aka shigo aji daga rana sai ya ɗauki 'yan mintuna kafin ya washe. Ga mai zuwa gona ko kiwo bayan makaranta yana da daɗi. Amma kare ido daga hasken rana mai cutarwa ba sai da duhu ba, farin gilashi ma yana iya wannan aikin idan an ce UV400 ne, ki tambaya.

Da kin karɓo gilashin, ki riƙa zuba masa ruwa ya tafi da ƙurar tukuna, sannan ki ɗiga sabulun ruwa kaɗan, ki ɗauraye, ki goge da ƙyallensa mai laushi. Ban da ruwan zafi, ban da ajiye shi kusa da murhu ko a gaban mota cikin rana, zafi yana tsattsaga kotin. Idan kin cire, cikin gidansa, kada ki kife shi a kan benci.

A shagon kuma ki sa a rubuta miki a rasit kowane kotin da aka ce an yi, ki karɓi takardar awonki ki adana. Ranar da gilashin ya karye, ɗan'uwa mai zuwa birni zai iya tafiya da takardar da tsohon firem ɗin a yanko miki wani, ba sai kin hau hanya ba.