Kiredit ɗin saye ba ya lissafa ƙarin ruwa

Jiya wani ƙaninmu ya same ni a hostel, wai yana son karatun paramedik, masu agajin gaggawa a motar asibiti. Yana da kiredit a Lissafi a WAEC. Na ce to madalla, ga tambaya: ledar ruwa ml 500 za ta shiga cikin awa 4, robar tana ba da ɗigo 20 a kowane ml, ɗigo nawa a minti? Shiru kake ji. Daga baya ya amsa cewa a "mirakul santa" aka rubuta masa.

Amsar 42 ce: 500 sau 20, a raba da minti 240.

Jama'a, mu daina yaudarar kanmu. Iyaye su biya kuɗin satar amsa, mu yayye mu yi tafi, sannan mu zo Kudu muna kukan an kayar da yaranmu a jarabawar shiga. Ba kowace faɗuwa ce ƙabilanci ba, wallahi.

A aikin nan ana auna maganin yaro da nauyinsa. Ka kuskure ɗigon lamba ɗaya, 0.5 ya zama 5, ka ninka allura sau goma a jikin ɗan mutane.

Ƙanina, kafin ka sayi fom, koma kan kaso, ninkawa, rabawa da sauya giram zuwa miligiram. Awa ɗaya kullum, ba kalkuleta.

Mu kuma 'yan masters, duk Asabar mu zauna da su. Ni na ɗauki ƙarfe 4 bayan La'asar. Wa zai biyo?