Amana Ce Jarin Sabon Shiga Tallan Intanet

Duk mai zama a majalisun matasa na Ƙofar Durbi da sauran unguwannin birnin Katsina ya san yadda tallan sarƙa, wato abin da ake kira netwok maketin, ya samu gindin zama a wayoyin 'ya'yanmu. Kamfani ne zai ba ka kayansa, kamar sabulu ko man shafawa ko shayin ganye, ka tallata ta WhatsApp ko Facebook ka ci riba, sannan a ba ka kamasho daga cinikin waɗanda ka jawo. Darasin farko da ake cusa wa sabon shiga kuwa shi ne ya zama mai ƙarfin gwiwa. To, amma daga ina ake samo shi?

A harshen Hausa, ƙarfin gwiwa daban, cika baki daban. Abin takaici, da yawa daga cikin masu horar da yaran nan na biyun suke koyarwa: ka ɗauki hoto a jikin motar wani, ka haddace kalaman da aka rubuta maka, ka yi ta antaya su a zaurukan 'yan'uwa. Wanda ya dogara da wannan, tambaya ɗaya daga mai saye ta isa ta tona masa asiri.

Ai tun kafin zuwan intanet muna da dillaliya, wadda ke shiga gida-gida da atamfa da kwanuka. Ba ta jin shakkar kowa, domin ta san kayanta ciki da bai, ta san buƙatar kowace uwargida, ta kuma san gobe ma gidan za ta dawo. Shi ya sa takan ce wa amarya, “Wannan zanen yana zuba, ɗauki wancan.” Ta rage riba a ranar, amma ta samu abokiyar ciniki ta shekaru.

Saboda haka, ya kamata sabon shiga ya fara da sanin hajarsa. Ya yi amfani da ita da kansa, ya duba lambar rajistar hukumar NAFDAC da ranar lalacewa, kada kuma ya kuskura ya ce shayi na warkar da ciwon suga ko hawan jini. Bayan haka, ya amfanar kafin ya nemi a amfane shi: ya amsa tambaya da gaskiya, ya faɗi farashi a sarari, ya gaya wa wanda kayan ba su dace da shi ba cewa ya riƙe kuɗinsa.

Mafi muhimmanci, ya tambayi kansa daga ina kuɗin kamfanin ke fitowa. Idan daga sayar da kaya ne ga masu buƙata, wannan ciniki ne. Idan kuwa daga kuɗin rajistar sababbin shiga ne, to ramin mugunta ne, ko da an ɗora kwalin sabulu a bakinsa. Ba mu manta da MMM ba, wanda ya yi alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata, ya kulle kuɗin jama'a a Disambar 2016, ko kuma CBEX da ya rushe a Afrilun 2025. Dokar zuba jari ta 2025 ma ta tanadi tarar da ba ta gaza Naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun, ga masu gudanar da irin wannan damfara.

A gari irin Katsina, inda kowa ya san gidan kowa, mutanen da yaro ke fara jawowa su ne gwaggonsa da maƙwabcinsa da abokin karatunsa. Idan sarƙar ta tsinke, masu kamfanin ba za su zo zauren mai unguwa ba, shi za a kira, sunan mahaifinsa kuma za a ambata. Ya rage ga iyaye da malamai su riƙa tambayar 'ya'yansu me suke sayarwa, kafin su tambaye su nawa suka samu.