Iyalan 'yan mishan na cikin fargaba: me hakan ke nufi ga marasa lafiyar Garou da Malanville?

Sace wani Ba'amurke matuƙin jirgin ƙungiyar mishan ta SIM a tsakiyar birnin Yamai, a watan Oktoban 2025, ya sauya lissafin iyalan 'yan mishan da ke zaune a ƙasashen bakin kogin Kwara. A da ana ɗauka haɗarin yana can ƙauye ne. An ɗauke Jeffery Woodke a Abalak a 2016, bai shaƙi iskar 'yanci ba sai Maris 2023. An sace Fada Pier Luigi Maccalli a Bomoanga a 2018. Philip Walton, ɗan wani ɗan mishan, a gonarsa ta Massalata kusa da Birnin Konni aka kama shi a 2020, kafin sojojin Amurka su ƙwato shi a arewacin Najeriya. Yanzu kuwa ko babban birni bai tsira ba, kuma mai mata da 'ya'ya dole ya sake tunani.

Mutumin Garou zai iya cewa ina ruwansa. Garin na ƙaramar hukumar Malanville galibi Musulmi ne, Dendawa da Fulani da Hausawa, masu noman shinkafa da kamun kifi. Sai dai abin da ya haɗa mutanen wannan yanki da 'yan mishan tun asali bai tsaya ga coci ba: akwai asibiti.

SIM ta shiga Damagaram a 1924, ta buɗe asibitin Galmi a 1950, sannan na Bembéréké da ke arewacin Benin a 1961. Akasarin waɗanda ke kwanciya a Galmi Musulmi ne. Wa'azin da ake yi a harabar asibitin bai hana su zuwa ba, bai kuma sauya addinin yankin ba, duk da shekaru sama da saba'in. Wani irin zama ne da kowane ɓangare ya san iyakarsa, ko da yake ya taɓa girgiza sosai a Janairun 2015, lokacin da aka ƙona coci-coci da dama a Damagaram da Yamai bayan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo.

Ga mazauna Garou, hanyar arewa ta riga ta yi wuya. Gadar da ta haɗa Malanville da Gaya tana rufe tun bayan juyin mulkin Yulin 2023. CEDEAO ta ɗage takunkuminta a Fabrairun 2024, amma Yamai ba ta buɗe nata ɓangaren ba. Lafiyayye na iya tsallakawa a kwalekwale. Mai naƙuda ko wanda ya karye fa? Saura hanyar kudu, ta Kandi zuwa Bembéréké, tafiyar kusan kilomita 200 a cikin jihar Alibori da maƙwabciyarta Borgou. A Alibori ɗin ne gwamnatin Benin ta tabbatar da kashe sojojinta 54 a harin 17 ga Afrilun 2025 a gandun dajin W, harin da ƙungiyar JNIM ta ɗauki alhakinsa.

A nan ne bambancin asibitocin biyu ya fito. Bembéréké yana hannun UEEB, haɗaɗɗiyar majami'ar da ta tsiro daga aikin SIM, kuma 'yan ƙasa ne ke tafiyar da shi. Idan Turawa sun tattara kayansu, aiki ba zai tsaya ba. Galmi kuwa ya daɗe yana dogara da likitocin waje da ƙaramin jirgin da ke kawo su daga Yamai, ko da yake yana horar da likitocin tiyata 'yan Afirka. A ƙasar da ta kori ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya a Fabrairun 2025, ta kuma wajabta wa baƙi rakiyar sojoji a wajen Yamai, wannan dogaro rauni ne babba.

Akwai kuma waɗanda ba a cika ambato ba: fastoci da malaman jinya Kiristoci 'yan yankin, ciki har da Hausawa. Su ba su da ofishin jakadancin da zai kwashe su. Su ne za su ci gaba da buɗe ƙofar asibitin, da albashin da ya dogara a kan abin da marasa lafiya ke iya biya, a daidai lokacin da kasuwar Malanville, ɗaya daga cikin mafi girma a Benin, ke fama da rashin ciniki saboda rufaffiyar gada.